Magungunan Opiyoyid da Kula da Raɗaɗi a Asibiti

Opiyoyid suna ne na rukunin magunguna masu ƙarfi da ake amfani da su wajen kashe raɗaɗi mai tsanani, irin na bayan tiyata, ƙuna, karaya, ciwon daji da tashin ciwon sikila. A cikinsu akwai mofin, kodin, taramadol, fetidin, metadon da fentanil. Wasu daga tsiro ake samo su, wasu kuma a masana'anta ake harhaɗa su, amma duk wuri ɗaya suke kamawa a jikin mutum. A arewacin Kamaru da ƙasar Cadi lamarinsu ya rabu gida biyu: mofin da majinyaci ke buƙata yana da wuyar samu a asibiti, taramadol kuwa, wanda jama'a ke kira tiramol, ya cika kasuwa da tasha ba tare da takardar likita ba.

Asali da tarihi

Tushen waɗannan magunguna wata fulawa ce da masana tsirrai ke kira Papaver somniferum. Idan aka tsaga ƙoƙon 'ya'yanta tun yana ɗanye, wani farin ƙaro yakan fito, ya bushe ya yi duhu. Wannan shi ne ofiyom, kuma mutane sun yi dubban shekaru suna sha don rage zafin ciwo da samun barci. Wajen shekarar 1804 wani mai haɗa magunguna ɗan Jamus, Friedrich Sertürner, ya tace sinadarin mofin daga cikinsa. A 1832 Pierre Robiquet na Faransa ya fitar da kodin. Hodar iblis ta hirowin ma daga mofin aka sarrafa ta a 1874, har kamfanin Bayer ya riƙa sayar da ita a matsayin maganin tari daga 1898, kafin ɓarnarta ta bayyana.

A ƙarni na 20 aka fara haɗa irinsu ba tare da tsiron ba. Fetidin da metadon a Jamus aka samar da su a ƙarshen shekarun 1930. Paul Janssen na Beljiyam ya haɗa fentanil wajen 1960, kuma ƙarfinsa ya ninka na mofin sau 50 zuwa 100. Taramadol kuwa kamfanin Grünenthal ne ya haɗa shi a 1962, ya shiga kasuwar Jamus ta Yamma a 1977.

Yadda suke aiki a jiki

A cikin ƙwaƙwalwa, lakar gadon baya da hanji akwai wasu mahaɗai da opiyoyid ke liƙewa a kansu. An tabbatar da samuwarsu a 1973, sannan a 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz suka gano a birnin Aberdeen cewa jiki da kansa yana samar da sinadarai masu kama waɗannan mahaɗai. Idan maganin ya liƙe, saƙon ciwo da ke hawa daga jijiya zuwa ƙwaƙwalwa yakan raunana, kuma fargabar da ke tafe da ciwon takan lafa. Majinyaci kan ce yana jin ciwon na nan amma ya daina damunsa.

Mahaɗan nan dai su ne ke a sashen da ke sarrafa numfashi, da kuma bangon hanji. Daga nan illolin suka samo asali: numfashi kan ragu idan magani ya yi yawa, hanji kuma kan daina motsi yadda ya saba.

Kodin da taramadol suna da wani hali na daban. Sai hanta ta juya su tukuna, ta hanyar wani sinadari mai suna CYP2D6, kafin ƙarfinsu ya fito sosai. Kodin mofin yake komawa. Ƙarfin wannan sinadari gado ne. Wani ya sha kodin bai ji komai ba, wani kuwa jikinsa ya juya shi da gaggawa har ya zame masa guba. Masu irin wannan saurin sun fi yawa a Habasha da arewacin Afirka. Saboda haka ne ake hana ba yaran da ba su kai shekara 12 ba kodin, haka ma mace mai shayarwa.

Auna ciwo

Babu na'urar da ke auna raɗaɗi, sai abin da mai ciwon ya faɗa. A asibiti ana tambayar majinyaci ya ba ciwonsa maki daga 0 zuwa 10, ko ya nuna da yatsun hannu, ko a nuna wa yaro zanen fuskoki ya zaɓa. Ana kuma tambayar yanayin ciwon: zogi ne, suka ce, murɗa ce, ko zafi kamar na wuta mai tafe da dindiris? Amsar tana da amfani domin ciwon da ya taso daga lalacewar jijiya, irin na masu ciwon suga ko mai ƙanjamau, bai cika jin opiyoyid ba. Amitiriftilin ko gabafentin sun fi yi masa aiki.

A nan al'ada tana da tasiri babba. Hausawa da Fulanin Garwa, Marwa da Ngaundare suna ɗaukar dauriya a matsayin mutunci. Dattijo mai ciwon daji a ƙashi za a tambaye shi jiki ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi, alhali kwana yake bai runtsa ba. Mai haihuwar fari tana jin kunyar a ji kukanta. Ga kuma bambancin harshe: ma'aikacin jinya da aka turo daga kudu yana jin Faransanci, majinyaci yana jin Hausa, Fulatanci ko Larabcin Cadi, sai ɗan rakiya ya zama tafinta, ya taƙaita dogon bayani a kalma biyu. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya tsayawa a kan "da sauƙi". Yakan tambaya, "Baba, jiya ka samu barci? Kana iya ruku'u da sujada?" Amsar waɗannan ta fi lamba bayyana gaskiya.

Matakalar Hukumar Lafiya ta Duniya

A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa uku don ciwon daji, wanda daga baya aka riƙa aro shi ga wasu cututtuka. A hawa na farko akwai farasitamol da irin su ibufurofen. Idan ba su isa ba, a hawa na biyu a ƙara kodin ko taramadol. A na uku, mofin da makamantansa. Wanda ya zo da ciwo mai tsanani ba dole ba ne ya bi hawa-hawa. Ana iya fara masa da na uku kai tsaye.

Ƙa'idojin da ke tare da tsarin sun fi matakalar kanta muhimmanci. A ba da magani ta baki matuƙar majinyaci na iya haɗiya. A ba da shi kan lokaci, kada a jira ciwo ya dawo. Ƙarfin mofin na sha mai saurin aiki yakan ƙare bayan kimanin awa 4, don haka duk bayan awa 4 ake maimaita shi, ana farawa da ɗan kaɗan, kamar miligiram 2.5 zuwa 5 ga babba mai rauni, ana ƙarawa a hankali har ciwon ya kwanta. Mofin ba shi da iyakar adadi guda da ya dace da kowa. Abin da ya kashe ciwon ba tare da ya jefa mutum cikin magagi ba shi ne daidai. Taramadol kuwa yana da iyaka, miligiram 400 a yini ga babba, domin wuce haka na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Mai ciwon ƙoda yana buƙatar taka-tsantsan na musamman, saboda ragowar mofin takan taru a jininsa.

Ga ciwon baya ko na gaɓoɓi da ya daɗe, wanda ba na daji ba, amfanin opiyoyid kaɗan ne, haɗarinsu kuma ya fi yawa.

Illoli

Taurin bayan gida shi ne illar da ba ta wucewa duk daɗewar da aka yi ana shan maganin, shi ya sa ake haɗa mofin da maganin sassauta ciki tun ranar farko. Wanda aka fi amfani da shi, sena, daga dangin filasko ake yin sa. Tashin zuciya da gyangyaɗi sukan lafa bayan 'yan kwanaki.

Akwai abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Na farko sabon jiki, inda adadin da ya yi aiki a da ya daina isa. Na biyu dogaron jiki: idan aka yanke magani farat ɗaya sai mutum ya shiga hamma, gumi, gudawa da ciwon gaɓoɓi, abin da ake kauce masa ta hanyar ragewa sannu a hankali. Na uku jaraba, wato neman maganin ido rufe duk da ɓarnar da yake yi wa mutum. Biyun farko halin jiki ne da ke samun kusan duk wanda ya daɗe a kan maganin. Na ukun cuta ce mai zaman kanta, kuma ba ta da yawa a cikin masu ciwon daji da ake ba mofin bisa ƙa'ida. Rashin bambance su ya sa dangi da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, ke ƙin mofin, ko su ɗauka cewa ba da shi alama ce ta an fid da rai. Wannan kuskure ne mai tsada, domin mai ciwon ne ke biyan kuɗinsa da dare da rana. Malaman fiƙihu kuma sun halatta amfani da irin waɗannan magunguna don jinya a hannun likita, bisa hukuncin lalura.

Alamomin wuce kima uku ne: barcin da ba a iya tada mutum daga gare shi, numfashi a hankali ƙwarai, da ƙanƙancewar ƙwayar ido. Haɗarin yana ƙaruwa idan an haɗa da barasa ko maganin sa barci irin diyazefam. Makarinsa allurar naloksan ce, mai aiki cikin mintuna, sai dai ƙarfinta kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, don haka dole a ci gaba da lura da majinyaci a asibiti ko ya farfaɗo.

Doka da ƙarancin mofin

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta ɗora wa ƙasashe nauyi biyu: hana karkatar da waɗannan magunguna, da tabbatar da samuwarsu don jinya. Kowace ƙasa tana miƙa ƙiyasin buƙatarta ta shekara ga hukumar sa ido da ke birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, kuma bisa wannan ƙiyasi ake ba ta damar shigo da su. A Kamaru dokar 7 ga Agusta 1997 ce ke tsara lamarin, CENAME ce babbar ma'ajiyar magungunan gwamnati. A Cadi kuma CPA ce ma'ajiyar. Ƙasar da ta yi ƙiyasi bisa ɗan abin da ta yi amfani da shi bara, baɗi ma kaɗan za ta samu, haka ƙarancin ke haifar da kansa.

Rahoton kwamitin mujallar likitanci ta Lancet na 2017 ya nuna girman giɓin: cikin tan 298.5 na opiyoyid da ake rarrabawa a duniya a shekara, idan aka auna da ƙarfin mofin, tan 0.1 kawai ke isa ƙasashe matalauta. Ba tsada ce ta jawo haka ba, domin garin mofin yana da araha. Yuganda ta nuna hanya: daga 1993 Dakta Anne Merriman ta fara dama garin da ruwa a zuba a kwalba majinyata su sha a gida, kuma a 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya masu horo na musamman izinin rubuta shi. A Kamaru asibitocin Baftis na Banso da Mbingo, a yankin Arewa maso Yamma, suna cikin waɗanda suka fara bin wannan tsari. Mai ciwon daji daga ƙauyukan Mayo-Sava ko Logone-et-Chari a yankin Arewa Mai Nisa kuwa, sau da yawa yakan isa asibiti a makare, a sallame shi ya koma gida da farasitamol ko taramadol.

Tiramol a kasuwa

Taramadol ba ya cikin jerin magungunan da yarjejeniyar 1961 ta ƙayyade, abin da ya sauƙaƙa fataucinsa. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100. Wanda ake sayarwa a tebur da bayan babur kuwa yakan kai 120, 200, 225 ko 250. Akasarinsa daga Indiya yake fitowa, ya sauka a tashoshin ruwan Afirka ta Yamma, ya ratso ta iyakoki irin su Banki da Amchide, Gamboru da Fotokol, ya haye daga Kusiri zuwa Njamena. Masu shansa yawanci ba nishaɗi suka fara nema ba. 'Yan acaɓa, manoma, leburori da masu dako suna sha ne don su jure aiki a rana mai zafi, wasu su jefa shi a shayi ko kofi da safe. Bayan wata biyu ko uku, jiki ba ya tashi sai da shi. Ɗan acaɓa da jijjiga ta kama a kan babur yana iya halaka kansa da fasinjansa.

Har dabbobi ba su tsira ba. A 2013 wasu masu bincike suka ba da rahoton samun taramadol a saiwar tafashiya da aka haƙo a Kamaru, aka ɗauka bishiyar ce ke samar da shi. A 2014 wani ayarin masana daga Dortmund na Jamus tare da abokan aikinsu 'yan Kamaru suka nuna cewa manoman yankin Arewa Mai Nisa suna ba shanun huɗa maganin don kada su gaji, fitsari da kashinsu suka kai shi ƙasa da ruwa, saiwa ta zuƙa.

A 2018 Indiya ta tsaurara dokar taramadol, Nijeriya kuma ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Fatake sai suka koma ga wani opiyoyid mai suna tafentadol, wanda ake haɗawa da maganin sassauta tsoka, kuma ya fi taramadol ƙarfi. Wanda ya kamu da jarabar waɗannan ƙwayoyi yana buƙatar jinya, ta hanyar rage magani a hankali a ƙarƙashin kulawar likita, ko maye gurbinsa da metadon ko bufurenofin a inda ake da su, tare da shawarwari da tallafin iyali. Ɗaure shi da mari ko yanke masa lokaci guda yakan ƙare ne da komawa ga ƙwayar, kuma a lokacin komawar ne haɗarin mutuwa ya fi yawa, domin jiki ya riga ya rasa sabon da ya yi da adadin da.