Tsara horon sanin makamar aiki ga ɗaliban fasahar kwamfuta a Sakkwato

Horon sanin makamar aiki wani zango ne da ɗalibi yake barin aji ya je ma'aikata ya taɓa aiki da hannunsa, a ƙarƙashin wanda ya riga shi sanin sana'ar. Ɗalibai a Sakkwato, kamar sauran sassan Najeriya, sun fi kiran sa IT ko SIWES. (Sunan na kawo ɗan ruɗani, domin haruffan IT ɗin nan su ne kuma ake taƙaita sunan fasahar kwamfuta da su a Turance.) Tsara horon na nufin ma'aikata ta zauna, tun kafin ɗalibi ya iso, ta yanke abin da zai koya, da wanda zai koya masa, da lokacin da za a sakar masa kayan aiki.

Asali

Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, a 1971, hedkwatarsa na Jos. A 1973 asusun ya ɓullo da shirin SIWES, saboda ƙorafin masu masana'antu cewa waɗanda suka kammala karatu suna zuwa da ilimin takarda amma hannunsu bai faɗa ba. Yau asusun na tafiyar da shirin tare da hukumomin da ke kula da jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi.

A Sakkwato, akasarin masu neman gurbi na fitowa ne daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta na jami'a galibi wata shida suke yi. Na kwalejin fasaha kan yi wata huɗu bayan shekarar farko, sannan shekara guda bayan ƙaramar difloma. Wannan bambanci shi ne abin da mai tsari zai fara dubawa, don abin da zai shiga wata shida ba zai shiga wata huɗu ba.

Yadda ake gina tsarin

Tsari mai inganci daga aikin da ma'aikatar take yi da gaske yake tasowa, ba daga manhajar makaranta ba. Sashen kwamfuta na asibiti, da cibiyar jarrabawar JAMB, da shagon gyaran kwamfuta, da kamfanin da ke jawo wa mutane intanet, kowanne da irin abin da zai iya koyarwa. Wurin da ba a rubuta manhajar kwamfuta bai kamata ya yi wa ɗalibi alkawarin koya masa ita ba.

Makonnin farko na kallo ne da sanin gida: ina na'urori suke, wace waya ta tafi ina, wa ake kira idan abu ya tsaya. Daga nan sai ƙananan ayyuka da kuskurensu ba ya jawo asara, kamar ɗora Windows ko Ubuntu (manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta) a tsohuwar kwamfuta, haɗa firinta, da matse kan wayar netwok. Nan ne ɗalibi zai ga dalilin da ya sa ba a jan irin wannan waya fiye da mita 100 a tsakanin na'ura biyu, abin da ya karanta a aji ya manta. Sai an ga hannunsa ya faɗa ake barin sa ya amsa kiran ma'aikata shi kaɗai, ya saita adireshin IP (lambar da ake gane kowace na'ura da ita a netwok), ko ya taya yin kwafin ajiya na bayanai. Sashen ƙarshe na zangon a kan ware shi ga aiki guda da zai ɗauka daga farko har ƙarshe, misali ƙirga duk kwamfutocin ofis da rubuta halin da kowace take ciki, ko gina ɗan shafin intanet.

Babu abin da ya kai mai kula muhimmanci. Idan ba a ɗora wa mutum ɗaya nauyin ɗalibi da suna ba, kowa zai ɗauka na wani ne, ɗalibin kuma ya koma ɗan aike, yau hoton takardu, gobe sayo wa oga abinci. Kwana kaɗan sai ya fara zuwa ya sa hannu ya ɓace. Kundin aiki da makaranta ta ba shi, wanda ake so ya cika kullum mai kula ya sa hannu duk mako, sai a cika shi a zama ɗaya ana gobe malamin makaranta zai zo dubawa. Maganin wannan ba ya cin kuɗi: rabin awa a ƙarshen mako, mai kula ya buɗe kundin ya ce, "Nuna mini abin nan da ka rubuta ka yi." Mutum ɗaya kuwa da wuya ya iya riƙe ɗalibai da yawa haka, don haka yawan masu kula ne ya kamata ya ƙayyade yawan waɗanda za a ɗauka, ba yawan wasiƙun alfarma ba.

Abin da Sakkwato ke ƙarawa

A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, lokacin hunturu kuma ƙura na toshe fankar kwamfuta. Saboda haka busa ƙura, lura da zafin ɗakin na'urori, da kashe su bisa ƙa'ida idan wuta ta ɗauke, darussa ne na asali a nan. Haka sanin inbata da batura da sola da janareta, tun da ba a dogara da wutar da kamfanin Kaduna Electric ke rarrabawa ita kaɗai. Jadawali kan yi la'akari da Juma'a da watan azumi. Akwai kuma batun harshe. Ɗalibin ya yi karatu da Turanci, amma Alhajin da kwamfutarsa ta ƙi tashi da Hausa zai yi masa bayani, da Hausa kuma yake jiran amsa.

Sirrin bayanai

Tun da aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a 2023, alhakin abin da ɗalibi ya gani a kwamfuta na kan ma'aikatar da ta ɗauke shi. Ana buɗe masa asusu na kansa mai iyakar izini, ba a ba shi kalmar sirrin shugaban sashe, a kuma rufe asusun ranar da ya gama. Fayil ɗin marasa lafiya da takardar albashi ba kayan gwaji ba ne.

Kammalawa da tantancewa

A ƙarshe mai kula yana cike takardar ITF da ake kira Fom 8, ɗalibi ya rubuta rahoto ya kare shi a gaban malamansa, makin kuma ya shiga sakamakonsa. Alawus ɗin ɗalibi Gwamnatin Tarayya ce ke biya ta hannun ITF, kuma sau da yawa sai bayan an gama yake fitowa. Shi ya sa wasu ma'aikatu ke sa kuɗin mota a cikin tsarinsu tun farko, musamman ga mai tasowa daga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke bayan gari.