Kalibareta komai-da-ruwanka ko mai aiki ɗaya, wacce ya kamata a saya?

Wannan gardamar bata ƙarewa tsakanin masu aikin na'urorin awo a masana'antu, musamman idan an zo rubuta bajat ɗin shekara. Wani yace a sayi babba guda ɗaya a huta, wani yace a'a gara ƙanana da yawa. Ga tambayoyin da aka fi yi, da abinda nake gani a kansu.

Wai ita kalibaretan me take yi ne tukunna?

Ita ce mudun da ake gwada sauran mudu da shi. A masana'anta, ko ta siminti ce ko matatar mai ko kamfanin lemo, akwai tiransimita birjik, wata tana auna zafi wata furesha wata yawan ruwan tanki, kuma yawancinsu da sigina iri ɗaya suke kai rahoto ɗakin kontirol, wato ƴar wutar lantarki mai ƙarfin 4 zuwa 20 mA (miliamfiya). A ce tiransimitar furesha an saita ta daga 0 zuwa 10 bar, toh idan ba furesha ko kaɗan 4 mA zata bayar, a 5 bar ta bada 12 mA, a 10 bar ta bada 20 mA. Yau da gobe, zafi da girgizar inji da tsufa sai su sa ta fara zamewa, kaga 12.3 a inda ya kamata kaga 12, shi kuma ofareta yana can gaban kwamfuta ya yarda da abinda allo ya nuna masa. Aikin kalibareta shine ta ba tiransimitar abinda ka tabbatar da shi, sannan ta karanta amsar da ta fito, ka kwatanta.

Toh meye bambancin guda biyun?

Mai aiki ɗaya sana'a ɗaya ta iya. Fluke 707 ta lup ce, wato zagayen wayar da ke ɗauke da siginar 4 zuwa 20 ɗin, mA ce sana'arta, ta bayar ta karanta, ta kuma ba tiransimita wutar 24V. Fluke 714 ta tamokoful ce, 712 ta RTD (duka biyun sensa ne na auna zafi), 718 ta furesha da ɗan famfonta na hannu a jiki. Komai-da-ruwanka kuwa irinsu Fluke 725 da 754 da Beamex MC6 na ƙasar Finland da Druck DPI 620 ne, akwati ɗaya ya haɗa mA da bolt da om da firikwensi da tamokoful da RTD, furesha kuma ka haɗa mata modul, wato ɗan ma'aunin furesha da ake jona mata.

Babban abinda ya raba su shine bayarwa da karantawa a lokaci guda. Ɗauki tiransimitar zafi mai Pt100, wani nau'in RTD. Wannan sensa ɗin om 100 yake a digiri 0, a digiri 100 kuma wajen om 138.5. Da babba zaka cire sensa ka sa ta kwaikwayi om ɗin a gefe ɗaya, ɗaya gefen tana ba tiransimitar wuta tana karanta mA ɗin, duk a allo ɗaya kana kallo. Da ƙanana sau da yawa sai ka riƙo biyu, wayoyi sun cakuɗe, kai kuma kana saman tsani iska na kaɗa ka. Koda yake sababbin ƙananan irinsu 712B da 714B suma suna karanta mA lokacin da suke bada siginar zafi, don haka ratar ta ɗan ragu.

Kenan babbar ta fi, a saye ta kawai mana?

Tsaya tukunna malam. Teknishan nawa gare ku? Wannan ce tambayar da masu sayarwa basa yi maka. Idan ku shida ne a sashe kuma kalibareta ɗaya ce tal komai tsadarta, ranar shatdawun, wato ranar da aka tsayar da inji don gyara, mutum ɗaya ne ke aiki biyar suna zaune suna jiran layi, ga manajan furodakshan yana ta kira yana tambayar yaushe za'a tada inji. Kuma aikin yau da kullum mafi yawansa ba kalibireshan bane, neman matsala ne: bawul ya ƙi buɗewa, allo na nuna abinda hankali ba zai ɗauka ba, lup ya mutu. Wannan ƙaramar ta lup ta isa, ka cusa 12 mA ka gani ko bawul ya tsaya a rabi, ka auna ka gani ko sigina ta faɗi ƙasa da 3.6 ko ta haura 21 mA, wanda a tsarin NAMUR NE43 alamar na'ura ta samu matsala ce. Ba sai ka ɗauko akwatin da kuɗinsa zai sayi ƙanana da yawa ka hau saman tanki da shi ba.

Sannan ita kanta kalibaretan ai gwada ta ake yi, galibi duk shekara. Idan ta tafi lab, wani lokacin ma sai an fitar da ita waje ta yi makonni kafin ta dawo, komai naka ya tafi tare da ita, zafi da furesha da lup gaba ɗaya. Haka in ta faɗo allo ya fashe. Mai ƙanana kuwa ɗaya ta tafi sauran suna nan.

Yaushe ne kuɗin babbar yake halatta?

Idan na'urorinka kala-kala ne kuma mutanenka kaɗan. Ɗan kwangila da yau yana Sharaɗa gobe yana Kaduna jibi an kira shi Sakkwato, bai san me zai tarar ba, wannan babba ce tasa ba gardama. Haka kamfanin da odita ke zuwa masa, masu magani da masu abinci da duk mai riƙe da ISO 9001, domin su takarda suke so su gani. Irinsu 754 da MC6 da kansu suke bin maki biyar ɗin nan, 0 da 25 da 50 da 75 da 100 cikin ɗari, su ajiye yadda ka tarar da na'ura da yadda ka bar ta, su lissafa kuskure su ce ta ci ko ta faɗi, ka dawo ofis ka juye a kwamfuta. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin karanta rubutun biro a takardar da mai ya jiƙa ya san darajar wannan. Kuma gaskiya yana rage rubutun ƙarƙashin bishiya, wato a cike fom ba'a je wajen na'urar ba, ba sai na yi dogon bayani ba.

Ina maganar HART?

Nan ma ana yawan ruɗewa. HART sigina ce ta dijital da ke hawa kan wayar 4 zuwa 20 ɗin nan, da sauti biyu, 1200 da 2200 Hz, kuma sai lup yana da rizisto wajen om 250 kafin magana ta yiwu. Tiransimita mai HART ba'a gyara ta da sukundireba kamar na da, sai ka shiga cikinta ta HART ɗin ka yi tirim, wato ka daidaita awonta. Abin lura shine na'urar magana da HART zalla ba kalibareta bace, zata canza maka renj, wato daga ina zuwa ina ake aunawa, da suna amma bata da ma'aunin da zata tabbatar da gaskiyar awo. Ko dai ka riƙe biyu, ko ka sayi wadda ta haɗa. 754 ta haɗa, MC6 ta ƙara da wasu hanyoyin magana na dijital, Foundation Fieldbus da Profibus PA. A ƙanana ma akwai 709H mai HART, saidai abinda take iya yi da shi taƙaitacce ne. Idan tsofaffin na'urori ne a wajenku kar ka biya kuɗin abinda ba zaka taɓa ba.

Wacce ta fi daidaito?

Ba a yawan aiki ake ganewa ba, takardar bayanan kowacce zaka buɗe. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kalibareta ta fi abinda take gwadawa kyau sau huɗu. Faɗin 4 zuwa 20 ai 16 mA ne, kashi 1 cikin ɗari 0.16 mA kenan. Tiransimita mai kashi 0.1 kuskurenta 0.016 mA, toh kalibaretarka kar ta wuce 0.004 mA. Ka duba kuma lambar da suka rubuta ta shekara guda ce ko ta kwana 90, kuma a wane zafi, don yawanci tsakanin digiri 18 da 28 suke bada alƙawarinsu, mu kuwa a watan Afrilu kusa da boila ba'a maganar 28. Satifiket ɗinta kuma ya fito daga lab mai shaidar ISO/IEC 17025, in ba haka ba odita zai ajiye shi gefe.

Akwai abinda babbar bata iya yi?

Akwai sosai. Bata dafa sensa. Idan ta kwaikwayi tamokoful nau'in K ta bada 4.096 mV a matsayin digiri 100, tiransimitar kawai ka gwada, shi sensan da ke cikin bututu yana shan wuta baka taɓa shi ba, kuma shi ya fi lalacewa. Wannan sai murhun gwaji da ake zura sensa a ciki. Furesha ma sai ka sayi modul na kowane renj da famfo daban, nan ne kuɗin ke ƙaruwa bayan an riga an sa hannu a takardar saye. Sannan idan wajen gas ne ko matatar mai, inda aka ware Zon 0 da 1 da 2, wato wuraren da gas zai iya kamawa da wuta, ba kowacce ake shiga da ita ba sai mai shaidar ATEX ko IECEx ta cewa ba zata tada wuta ba, irinsu 725Ex da MC6-Ex, in ba haka ba kullum kana bin layin famit, wato takardar izinin aiki.

Kai da wacce zaka tafi?

In wajen matsakaici ne, babba ɗaya a shago a hannun wanda ya iya ta, ita ke aikin satifiket, sannan kowane teknishan da ƙaramar ta lup a jakarsa, da ta furesha ɗaya ko biyu masu famfo. Kafin ka rubuta komai ka zagaya ka ƙirga na'urorinku, nawa ne na zafi nawa na furesha nawa masu HART, ka nemo wadda ta fi kowa tsananin daidaito a cikinsu. A bajat ɗin kuma ka saka kuɗin gwajin shekara da batir da wayoyin gwaji da horar da yara, don babbar menu ɗinta yana da zurfi, wanda ba'a koya masa ba mA kawai zai riƙa aunawa da ita.