Taimakon 'yan Katolika ba tarko ba ne

An daɗe ana cewa a Jos, duk buhun masarar da cocin Katolika ta ba talaka, akwai ƙugiya a cikinsa: ka ci, gobe a ja ka coci. Wasu kuma na ganin taimakon na 'yan cocinsu ne kawai. Duka biyun kuskure ne.

Asalin abin daga cikin ibada yake. A lokacin Misa, wato babbar ibadar Katolika, kafin Fada, limamin cocin, ya keɓe gurasa da ruwan inabi, jama'a kan taso layi da baiko, wani da kuɗi, wata da doya ko kwandon dankali a ka. Tun wajen shekara ta 150 Jastin Shahidi, wani malamin Kirista na farkon zamani, ya rubuta cewa baikon Lahadi na marayu ne da gwauraye da marasa lafiya da fursunoni da baƙi. A wurin 'yan Katolika, mai karɓar Jibi, wato gurasa da ruwan inabin da aka keɓe, in ya kau da kai daga mayunwaci, ibadarsa da saura.

Batun ƙugiya kuwa, Fafaroma Benedict na 16 ya faɗa ƙarara a wasiƙarsa ta 2005 cewa ba a mai da sadaka hanyar farautar mabiya. Hakan ba ya nufin kowane ɗan coci ya kiyaye, ɗan Adam ne, amma koyarwar ke nan.

A nan Filato, lokacin da Ignatius Kaigama yake Babban Bishop na Jos, ya buɗe cibiyar koyon sana'a a Bokkos, inda samarin Musulmi da Kirista suka koyi aikin hannu tare, kowa da addininsa.