ALMA: Na'urar Hangen Nesa ta Rediyo a Tsaunukan Cile

ALMA (Atacama Large Millimeter/submillimeter Array) tarin eriya 66 ne masu siffar faranti da ke aiki tare kamar na'ura guda. An kafa su a tudun Chajnantor cikin hamadar Atakama, arewacin Cile, mita 5,000 sama da teku. Suna kama sigina daga ƙura da iskar gas masu sanyi, inda taurari ke samuwa.

Dalilin zaɓar wurin

Zangon siginar, wato tsawon igiyarta, da milimita ake auna shi, kuma tururin ruwa yana shanye shi kafin ya iso ƙasa. Yawancin tururin yana ƙasa-ƙasa, shi ya sa bushewa kaɗai ba ta wadatar, sai da tudu. Sansanin ma'aikata ma yana kan mita 2,900, kusan tsayin Jabal Marra a Darfur.

Tarihi

Da farko Amurka, Turai da Japan kowa na shirin nasa. Wajajen ƙarshen shekarun 1990 Amurka da ESO, hukumar binciken taurari ta Turai, suka haɗe shirinsu, aka fara gini a 2003, Japan ta shigo a 2004. Kanada, Taiwan da Koriya ta Kudu ma suna ciki, Cile kuwa ta ba da fili. Arewacin Amurka ta ƙera eriya 25 masu faɗin mita 12, Turai 25, Gabashin Asiya 16, daga cikinsu 12 masu mita 7. An buɗe a Maris 2013. Kuɗin ya kai kimanin dala biliyan 1.4.

Aiki da matsaloli

Kowace babbar eriya tana da nauyin tan 100 ko kusa. Motoci biyu masu taya 28, Otto da Lore, ke sauya musu mazauni, daga tazarar mita 150 har kilomita 16; faɗaɗa tazara ke ƙara fitar da hoto. Ana sanyaya na'urorin karɓa zuwa digiri 269 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius don rage hayaniyar lantarki.

Iskar shaƙa a can kusan rabin ta bakin teku ce. Ma'aikata suna hawa da iskar oksijin, kwamfutar da ke haɗa siginar ba ta amfani da faifan adana bayanai mai juyawa, domin allurarsa a kan iska take shawagi.

An yi yajin aiki a 2013, kutsen intanet kuma ya tsai da bincike a 2022.

Sakamako

Hoton faifan ƙura da ke kewaye da tauraron HL Tauri a 2014, da gudummawa ga hoton farko na baƙin rami, wato wuri a sararin samaniya da ko haske ba ya kuɓuta daga janyowarsa, a 2019.