Madobiya na cikin jerin CITES amma kunamar ruwan Binuwai ba ta ciki, ga dalili

Mutane da yawa suna zaton duk abin da ya kusa ƙarewa to doka ta hana taɓa shi, wallahi ba haka ba ne. Jerin halittu masu fuskantar ƙarewa da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ke fitarwa ba doka ba ne, ra'ayin masana ne kan yadda halitta ke raguwa. Mai haƙori ita ce yarjejeniyar CITES, ta cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, da aka sa wa hannu a Washinton a 1973, Najeriya na ciki, ita ma ba ruwanta da abin da ka kama ka dafa a gidanka, ciniki tsakanin ƙasa da ƙasa kawai take dubawa.

Ɗauki bishiyar madobiya, wadda 'yan katako a Taraba ke kira madrid. Dangin wake da gyaɗa ce a rabon masana. Da 'yan kasuwar Sin suka gano jan katakonta yana yin kujerun alfarma sai aka afka wa daji da injin yanka, tirela bayan tirela zuwa Legas, har aka saka ta a rukuni na biyu na CITES daga farkon 2017. Rukuni na biyu bai haramta ciniki ba, sharaɗi ya gindaya: kafin a ba da takardar fitarwa dole hukumar kimiyya ta ƙasar ta tabbatar saran ba zai ƙarar da itacen ba, kuma hukumar da ke ba da takardar ta tabbatar an sare shi bisa doka. Najeriya ta kasa gamsar da kwamitin CITES, a 2018 aka dakatar da ita daga fitar da madobiya.

Ita kuwa kunamar ruwa, kifin nan mai faɗi kamar faifai da ƙaya mai dafi a wutsiya, ba ta da ƙashi sai guringuntsi, 'yar'uwar kifin shak ce. Tamu ta Binuwai da Neja IUCN ta ce tana dab da ƙarewa, matakin da ya fi na madobiya muni ma, amma ba ta cikin CITES domin ba mai loda ta a kwantena, koma ce kawai ke kwaso ta. Danginta na Barazil kuwa da ake kai wa masu kiwon kifin ado a ƙetare, 7 daga cikinsu sun shiga rukuni na biyu a taron Panama na 2022. Kare tamu sai dai dokar kamun kifi ta cikin gida, in jihohin bakin kogin sun ga dama.