Matsin Aiki da Kashe Kai a Masana'antun Haɗa Wayoyi

Matsin aiki a masana'antun kayan lantarki shi ne ƙuncin da masu haɗa wayoyi da kwamfutoci ke shiga saboda tsawon awannin aiki, saurin layin haɗa kaya, ƙarancin albashi da tsananin masu sa ido. Maganar ta karaɗe duniya a shekarar 2010, lokacin da matasan ma'aikatan kamfanin Foxconn a ƙasar Sin suka riƙa hallaka kansu ɗaya bayan ɗaya. A lura, a Hausa "kisan kai" yana nufin mutum ya kashe wani. Abin da ake magana a nan shi ne mutum ya kashe kansa.

Kamfanin da ma'aikatansa

Foxconn sunan kasuwa ne na Hon Hai Precision Industry, wanda Terry Gou ya kafa a Taiwan a 1974. Sana'arsa kwangila ce: yana haɗa wa Apple, Dell, HP, Sony da Nintendo kayansu, su kuma su manna sunansu. Babbar masana'antarsa ta Longhua da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin ta ɗauki ma'aikata fiye da 300,000 a wancan lokaci, wato ta fi wasu ƙananan hukumomin jihar Bauchi yawan jama'a. Gari ne guda mai katanga, da ɗakunan kwana, wuraren cin abinci, kantuna da banki.

Mafi yawan ma'aikatan 'yan ci-rani ne daga ƙauyukan cikin ƙasa. Tsarin rajistar mazauni da ake kira hukou ya ɗaure kowa da garin haihuwarsa, don haka ɗan ƙauye zai iya zubar da guminsa a Shenzhen amma ba zai samu cikakken haƙƙin ɗan gari ba wajen makaranta, asibiti ko gida. Bambancinsa da ɗan ci-ranin Darazo ko Dukku da ya tafi Legas shi ne, namu yakan sauka a zango, ya tarar da 'yan garinsu, ga masallaci, ga mai shayi da za a yi hira. A Longhua kuwa ana cusa mutane ɗaki ɗaya daga larduna daban-daban, wasu na aikin dare, wasu na rana. Akwai waɗanda ba su san sunan abokin kwanansu ba.

Yanayin aikin

Ma'aikaci yana da motsi ɗaya da zai yi ta maimaitawa sau dubbai a yini: ɗaure noti, goge gilashi ko manna takarda. An hana hira a kan layin haɗa kaya. Wanda ya yi kuskure ana iya yi masa faɗa a bainar jama'a, ko a sa shi ya rubuta takardar amsa laifi ya karanta wa abokan aikinsa. Albashin tushe a farkon 2010 yuwan (kuɗin Sin) 900 ne a wata, kuɗin da ba ya riƙe mutum a birni sai ya haɗa da ƙarin awanni. Dokar ƙwadago ta Sin ta ƙayyade ƙarin awanni 36 a wata, amma da yawa suna ninka hakan har fiye. Ba sai an tilasta wa kowa ba, aljihu ne ke tilastawa.

Abin da ya faru

A cikin 2010 ma'aikata 18 ne suka yi yunƙurin hallaka kansu, 14 suka mutu. Shekarunsu tsakanin 17 da 25 ne. Ɗaya daga cikin waɗanda suka rayu yarinya ce 'yar shekara 17 daga lardin Hubei. Ta yi wata guda da 'yan kwanaki tana aiki, ta je neman albashinta aka yi ta turata daga wannan ofis zuwa wancan, kuɗin hannunta ya ƙare, ba ta da wanda za ta kai wa kuka. Ta rayu, amma ƙafafunta sun shanye.

Kamfanin ya kafa ragar tare masu faɗowa a jikin benaye, ya gayyato limaman addinin Buda, ya buɗe layin waya na masu ba da shawara. Ya kuma raba takardar alkawarin cewa ma'aikaci ba zai cutar da kansa ba, sai dai ya janye ta bayan an yi ca a kansa. Ragar ce ta zama tambarin lamarin, domin tana tare mai faɗowa ne kawai, ba ta taɓa abin da ya hau da shi sama ba. Matakin da ya fi ma'ana shi ne ƙarin albashi zuwa yuwan 1,200, daga baya 2,000 ga waɗanda suka ci gwajin aiki a Shenzhen. Sannan kamfanin ya karkata zuwa biranen Zhengzhou da Chengdu, inda ƙwadago ya fi araha.

A 2012 ƙungiyar Fair Labor Association, mai sa ido kan haƙƙin ma'aikata, ta binciki masana'antun Foxconn uku bisa gayyatar Apple, ta ji ta bakin ma'aikata sama da 35,000, ta tarar ana wuce awa 60 a mako. A Nuwamban 2022 ma an yi arangama tsakanin ma'aikata da jami'an tsaro a masana'antar kamfanin ta Zhengzhou kan alawus da kullen korona.

Taƙaddama

Masu kare kamfanin sun ce idan aka auna da yawan ma'aikatansa, adadin bai kai na ƙasar baki ɗaya ba. Lissafin yana da ƙamshin gaskiya, amma ya tsallake tambayar me ya sa matasa masu lafiya, masu aikin yi, suka bi hanya ɗaya a wuri ɗaya cikin 'yan watanni. Likitocin ƙwaƙwalwa kuma sun nuna cewa ba sababi ɗaya ke kai mutum nan ba: kaɗaici, rashin barci, bashi da wulaƙanci sukan taru, yayata labarin ba tare da taka-tsantsan ba kuma yakan ja wasu su kwaikwaya.

Alaƙarsa da Bauchi

Yawancin wayoyin da ake sayarwa a shagunan kewayen Wunti, irin su Tecno, Itel da Infinix, na kamfanin Transsion ne, shi ma a Shenzhen yake, amma abin da ya faru a 2010 bai shafe shi ba. Wanda ya fi kusa da labarin shi ne mai gyaran waya da aka kawo wa tsohuwar iPhone ta hannu, wato wayar Apple irin wadda Foxconn ke haɗawa. Yakan shimfiɗa farin ƙyalle, ya kwance notocin da ba su kai ƙwayar gero ba, ya jera su a kan maganaɗisu don kada iskar fanka ta watsar. A bayan murfin da ya ajiye gefe an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa a Kalifoniya aka tsara ta, a Sin aka haɗa ta.