Waiwaye: Wane Kiɗa Ne Progressive Rock, Wa Kuma Ya Shata Iyakarsa?

Sama da shekara 50 ke nan masu sauraron kiɗan rok suna ja-in-ja a kan wanda ya cancanci shiga sahun progressive rock, wato rok mai ci gaba, wanda ake gajarcewa prog. Babu mai musu a kan ƙungiyoyin Yes, King Crimson, Emerson, Lake & Palmer, da Genesis ta zamanin Peter Gabriel. Da zarar an wuce waɗannan huɗu sai kawuna su rabu. Pink Floyd fa? Jethro Tull fa? Makaɗan Jamus irin su Can? Tushen rigimar shi ne sunan ya yi aiki iri biyu a zamani biyu. Da farko laƙabi ne na duk makaɗin da ya ƙi tsayawa inda kasuwa ta tsayar da shi. Daga baya ya koma sunan wani salo guda mai sanannun alamomi.

Kafin 1967 ƙaramin faifai ne ke mulki: juyi 45 a minti, waƙa ɗaya a kowace fuska, tsawonta wajen minti uku. A Amurka, hukumar sadarwa ta FCC ta hana gidajen rediyon manyan birane maimaita fiye da rabin shirye-shiryensu na AM a zangon FM, dokar kuma ta fara aiki a 1967. Sai ga fili ya buɗe babu abin cika shi. Tashoshi irin su KMPX ta San Francisco suka sakar wa masu gabatarwa mara, suna sa dogayen waƙoƙi daga manyan faya-fayai, aka kira wannan tsari na rediyo progressive rock. A lokacin bai nufi wani salo ba. Jimi Hendrix na ciki, makaɗan blues na ciki.

A Birtaniya ma haka. A 1969 kamfanin EMI ya buɗe reshen Harvest, Philips ya buɗe Vertigo, duk don tallata kiɗan da ɗaliban jami'a ke saye. Harvest ta buga Pink Floyd da Deep Purple, Vertigo ta fitar da faifan farko na Black Sabbath a 1970. A yau Black Sabbath tushen kiɗan metal ce a wurin kowa, amma a kantunan wancan lokaci layi ɗaya ake jera su.

Salon kansa ya fara tsiro ne a 1967. Beatles sun fitar da Sgt. Pepper, wanda ya nuna ana iya gina babban faifai a matsayin aiki guda. Moody Blues sun haɗa rok da okestra a Days of Future Passed. Procol Harum sun ɗora ogan mai ƙamshin kiɗan Bach a kan waƙar da ta mamaye kasuwa. Amma wanda ya ɗaure abin wuri ɗaya shi ne King Crimson. Sun yi wasa a Hyde Park na Landan ranar 5 ga Yuli 1969 kafin Rolling Stones su hau dandali, a watan Oktoba kuma suka saki In the Court of the Crimson King. A faifan akwai saksofon na jaz, da sarewa, da tsayawa da tashi na bazata da dukan makaɗa ke yi tare, blues kuwa kusan babu shi. Wannan ragin na blues shi ne babban bambanci, domin kusan duk rok na Ingila kafin nan a kansa aka gina shi.

Daga 1971 zuwa 1974 alamomin suka kafu, kuma su ne masu gardama ke ƙirgawa har yau. Matsalar ita ce kowace ɗaya, idan aka ɗauke ta ita kaɗai, ba ta raba gardama.

A ɗauki tsawo. Close to the Edge na Yes ya haura minti 18, Supper's Ready na Genesis ya kusa 23, Echoes na Pink Floyd ma wajen 23. Ba haɗuwar dace ba ce: iyakar abin da fuska ɗaya ta babban faifai mai juyi 33⅓ ke ɗauka ke nan. In an wuce minti 20 da ɗoriya, dole mai yanka faifan ya matse layukan da allura ke bi. Matsewar tana rage ƙarar sauti, tana kuma cinye kaurin jitar bas, saboda sauti mai kauri ya fi bukatar fili. Ga shi kuma layukan ciki, na kusa da tsakiya, sun fi saurin dagula sauti, daidai inda makaɗa ke son kai waƙar ƙololuwa. Selling England by the Pound na Genesis ya haura minti 50, don haka sai da aka yi wannan sadaukarwa. To amma tsawo kaɗai ba hujja ba ce. A daidai shekarun nan Fela Kuti na cika fuskar faifai da waƙa ɗaya a Legas, babu kuwa mai kiransa ɗan prog. Nasa kiɗan yana kafa bugu ɗaya ne ya zauna a kai, yana zurfafa shi. Na Yes kuwa tafiya yake yi: Close to the Edge kashi huɗu ne masu suna, Supper's Ready kashi bakwai.

Sai ƙidayar bugu. Rok na yau da kullum huɗu-huɗu ake ƙirga shi, 4/4. 'Yan prog suna son 5/4, 7/8, 9/8. Mai koyo ya sani ba a ƙirga 7/8 daga ɗaya zuwa bakwai a jere. Kasa shi ake yi, 2+2+3 ko 3+2+2, kuma idan mai ganga ya ɗauki kaso na farko, mai bas ya ɗauki na biyu, ƙungiya za ta riƙa tuntuɓe ko da kowa ya ƙirga bakwai daidai. Nan ma ba a tsira ba. Money na Pink Floyd 7/4 ne, yana komawa 4/4 idan jita ta karɓa, amma gininsa na blues ne tsantsa. Take Five na ƙungiyar Dave Brubeck 5/4 ne tun 1959, kuma jaz ne.

Kayan kiɗa su suka fi ruɗin kunne, musamman Mellotron. Na'ura ce mai madannai 35, a ƙarƙashin kowane madanni akwai zaren kaset da aka naɗi goge ko sarewa ko muryoyi a kai. Idan aka danna, zaren ya yi gudu na kimanin daƙiƙa takwas sannan ya ƙare, sai an ɗaga yatsa ya koma farko. Shi ya sa gwanayenta ke sauya yatsu ɗaya bayan ɗaya don kada sautin ya yanke. A tsofaffin samfura, danna madannai da yawa lokaci guda na sa injin ya yi nauyi, muryar ta sauka ƙasa da daidai, rawar wutar lantarki ma haka take yi mata. Wannan 'yar karkarwar ita ce sautin da mutane ke ji su ce ga prog. Minimoog, da ta fito a 1970, sauti ɗaya take fitarwa a lokaci guda, kuma saitinta na gocewa idan ta ɗumama, dalili ke nan da ake ganin Rick Wakeman, mai kaɗa madannai na Yes, kewaye da tarin na'urori. Sai dai Beatles da Led Zeppelin da David Bowie duk sun yi amfani da Mellotron.

Ma'aunin da ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne gini. A saurara: shin waƙar baiti ce da amshi, baiti da amshi, sai jita ta yi shawagi a koma? Ko kuwa ana kawo wani jigo na kiɗa, a ajiye shi, ya dawo can gaba da sabon sauri ko sabuwar murya, kamar yadda mawallafan kiɗan gargajiyar Turai ke yi? Idan na biyun ne, kuma da ganga da jitar lantarki ake yi, an shiga gonar prog ko da babu Mellotron ko ɗaya. Da wannan ma'auni Echoes ya shiga, Money bai shiga ba, alhali ƙungiya ɗaya ce ta yi su. Ya fi dacewa a yi wa faifai hukunci, a bar ƙungiya. Jethro Tull shaida ce: jagoranta Ian Anderson ya sha faɗin cewa Thick as a Brick na 1972, waƙa guda mai cin fuska biyu, ba'a ce ya yi wa masu irin wannan aiki bayan 'yan jarida sun laƙaba wa faifansu Aqualung abin da bai nufa ba. Ba'ar ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙan salon.

Wajen Ingila iyakar ta ƙara dushewa. Italiya ta rungumi salon kai tsaye da PFM da Banco da Le Orme, suna rerawa da harshensu. A Faransa, Christian Vander na Magma ya ƙirƙiro wa ƙungiyarsa harshe na kanta. Jamusawa, Can da Neu! da Faust, sun bi hanyar maimaici da gwaje-gwajen situdiyo, kishiyar ƙawa irin ta Yes. Osibisa, da 'yan Gana Teddy Osei da Sol Amarfio da Mac Tontoh suka kafa a Landan a 1969, takan faɗo cikin jerin prog, har da dalilin cewa Roger Dean, mai zana bangon faya-fayan Yes, shi ya zana mata giwaye masu fuka-fuki. Kiɗanta kuwa haɗin highlife ne da jaz da rok.

A 1976 da 1977 punk ya zo da waƙoƙin minti biyu, jaridun kiɗa na Landan suka mayar da prog abin dariya. Su ma 'yan prog sun ba da ƙofa: faifan Yes mai suna Tales from Topographic Oceans na 1973 waƙa huɗu ne a fuska huɗu, Wakeman ya bar Yes bayansa, kuma a rangadin 1977 Emerson, Lake & Palmer sun ɗauki cikakkiyar okestra, kuɗi ya gagara, suka sallame ta a hanya. Duk da haka labarin cewa punk ya kashe prog ya yi sauƙi da yawa. Johnny Rotten, mawaƙin ƙungiyar punk ta Sex Pistols mai rigar ƙin Pink Floyd, masoyin Can ne da Peter Hammill na Van der Graaf Generator. A Maris 1978 ƙungiyar Henry Cow ta shirya taron Rock in Opposition a Landan don makaɗan da kamfanoni suka ƙi.

Bayan nan ne ma'anoni biyun suka rabu sarai. Tsofaffin suka koma gajerun waƙoƙi: Yes ta kai lamba ɗaya a Amurka da Owner of a Lonely Heart, Genesis ta Phil Collins ta cika filayen wasa. Sababbi irin su Marillion, da faifansu na farko a 1983, suka farfaɗo da sautin 1972, aka kira su neo-prog, masu suka na tambayar ina ci gaba a kwaikwayon jiya. Queensrÿche da Dream Theater suka haɗa shi da metal. Radiohead, wadda OK Computer nata na 1997 ya fi kusa da ma'anar farko, ta ƙi laƙabin ƙememe. Shi kansa Robert Fripp na King Crimson bai taɓa sakin jiki da shi ba.

Gidan karrama makaɗa na Rock and Roll Hall of Fame da ke Cleveland ya shigar da Pink Floyd tun 1996, amma Genesis sai 2010, Rush ta Kanada 2013, Yes 2017, Moody Blues 2018. Har zuwa 2024 ba a shigar da King Crimson ba, haka Jethro Tull da Emerson, Lake & Palmer.